Saƙon Murya na Bai-ɗaya a Magariya da Matsalar Ƙirgen Kuɗi

Saƙon murya na bai-ɗaya shi ne wanda ake shiryawa sau guda, na'ura ta kira lambobin mutane da yawa ta saurarar da su. Amfaninsa ga ɗan kasuwa a Magariya da Dungas a fili yake: rubutaccen saƙon waya yawanci da Faransanci yake zuwa, abokan ciniki kuwa Hausa suke ji, kuma ba kowa ya yi boko ba.

Matsalar tana tasowa ne idan aka ba na'ura rubutu ta mayar da shi magana. Rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka garin alkama da garin Damagaram duk “gari” ne a takarda. Wannan dai mai saurare kan gane shi daga ma'anar jimla.

Wanda ba ya gyaruwa haka shi ne ƙirgen kuɗi. A Nijar da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce: sefa 500 dala ɗari ce, sefa 1,000 jika ɗaya. Na'urar da ta ga 500 ta ce “ɗari biyar” ta faɗi lambar daidai, amma ga kunnen mutumin Magariya ta ninka farashin sau biyar, ta kai shi sefa 2,500. Ga kuma naira, wadda ke yawo a kasuwannin kan iyaka, musamman tsakanin Dungas da Maigatari, inda “ɗari biyar” ke nufin wani kuɗin daban.

Shi ya sa, a saƙon da ya ƙunshi farashi ko bashi, naɗar muryar ɗan gari ta fi muryar na'ura aminci, domin shi da dala zai faɗa.