Ƙegen Injin Kwale-kwale da Haɗarin Walda Cikin Gaggawa

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da tsofaffin ƙauyuka, kuma har yau kututturan itatuwa na nan kwance a ƙarƙashinsa. Idan ruwa ya ja baya, matuƙan da ke zirga-zirga tsakanin Yawuri da Wara su ne ke gamuwa da su. Abin da ke fara shan duka shi ne ɗan faifan nan da ya leƙo ƙasa da farfela kamar ƙegen kifi.

Yawancin matuƙa ba su damu da shi ba, tunda inji na tashi ko da ya karye. Amma shi ke tare wa farfela dutse da kututture, shi kuma ke riƙe jirgi kan hanya. In ya guntule, hannun tuƙi ya dinga fizgar mutum gefe guda ke nan, har kafaɗa ta ƙage.

In baki kawai ya ɓantare, magagari ya isa. In ya lanƙwashe, a tokare shi da katako a bubbuga sannu a hankali, domin zubin alminiyam ne, ba ya jure a yi masa ƙarfi: tsagewa yake yi.

Inda ake ɓarna shi ne wajen walda. Ƙegen da akwatin giya jiki ɗaya ne, kuma a cikin akwatin akwai mai da robobin da ke hana ruwa shiga. Alminiyam na narkewa a wajen digiri 660, ba ya yin ja kafin ya zube, ga shi da saurin kai zafi ko'ina. Mai waldar ƙofa da taga, komai gwanintarsa, ba aikinsa ba ne. Sai mai waldar agon, wanda zai tsiyaye man, ya yanke karayar ta miƙe, ya ɗana sabon yanki, ya riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan yana barin ƙarfen ya huce, da jiƙaƙƙen tsumma naɗe a akwatin.

Kafin ma a kai ga nan, a kwance ƙusar man giya a duba. In man ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya riga ya shiga. A kuma juya farfela da hannu: in tana rangaji, sandarta ta lanƙwashe, kuma wannan gyaran ya fi na ƙegen tsada nesa ba kusa ba.