Falmaran mai aljihu barkatai: Abin dubawa kafin a sayi rigar masu fatsar ƙwaro

Duk wanda ya saba halartar taron manema labarai a Abuja ya san wannan riga, ko da bai san sunanta ba. Falmaran ce marar hannu, mai aljihu sama da ƙasa, ciki da waje, wadda ake gani a jikin masu ɗaukar hoto da masu sa ido a zaɓe da jami'an ƙungiyoyin agaji. Da yawa suna ɗauka don su aka ƙirƙiro ta, alhali aro suka yi. Gidanta na asali bakin kogi ne, a ƙasashen da ake kamun kifi da ƙwaron bogi.

Mutumin da aka fi danganta ƙirƙirarta da shi shi ne Lee Wulff, Ba'amurke da aka haifa a Alaska a 1905, wanda ya ɗinka wa kansa irinta da hannu a farkon shekarun 1930. Kafin nan, masu wannan sana'a kan cusa kayansu a aljihun kwat ko su rataya jaka. A 1960 kuma Gert Boyle ta kamfanin Columbia ta ɗinka wata, wadda ta taimaka wajen fito da sunan kamfanin. Yau Orvis da Simms da Patagonia da wasu da dama suna yin ta iri-iri.

Sai an san irin sun da ake yi da ita kafin a gane dalilin siffarta. Masuncinmu na Argungu ko Yawuri yana da koma da gora da kwale-kwale, mai fatsa kuma yakan zauna a gaɓa da gwangwanin tana a gefensa. Mai fatsar ƙwaro ba ya zama. Kotonsa ƙugiya ce da aka naɗe da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci, kuma ba ta da nauyin da za a iya jefa ta, don haka nauyin igiyar ne ke kai ta inda ake so. Mutum yakan shiga ruwa har gwiwa ko ƙugu, yana tafiya yana jifa, sanda a hannu ɗaya, igiya a ɗayan. Idan kifi ya ƙi wannan ƙwaro sai a canja wani nan take, a tsakiyar kogi. Duk abin da zai buƙata dole ya kasance a jikinsa, inda hannu ɗaya zai kai. Rigar ita ce akwatin kayan aikinsa.

Me ya haɗa ma'aikacin tarayya da wannan? Tafiya. Wanda aka tura kwas Sikotland yana iya samun gayyata zuwa Kogin Tweed ko Spey, inda kamun kifin salmon ya zama al'ada mai daraja har dokar ƙasar ta hana yin sa ranar Lahadi. Wanda taro ya kai Nairobi yana kusa da tsaunukan Aberdare, inda aka zuba kifin tirawut a Kogin Gura tun 1905. Akwai kuma hadimin da maigida zai ce wa ya nemo masa kayan kafin a tashi, shi kuwa bai taɓa riƙe sandar fatsa ba. Irin wannan mai saye, da kuɗin waje a hannu da ƙarancin lokaci, kusan kullum kuskure ɗaya yake yi: ya ƙirga aljihu, ya ɗauki wadda ta fi yawa.

A ganina nan ne asarar take farawa. Aljihun da ba kowa a ciki yana kiran kaya, kuma mutum ba ya iya ƙin amsawa. Rigar da ke da aljihu ashirin da wani abu za ta cika da akwatunan ƙwaro huɗu, da tocila, da wuƙa, da abubuwan da ba za a taɓa ba har a dawo. Duk wannan nauyi a kan kafaɗa da bayan wuya yake sauka. Da safe ba a ji. Bayan awa biyar ana ɗaga hannu ana jifa, wuya ya riƙe, kafaɗa ta yi tsami, mutum ya fito daga ruwa tun la'asar ba ta yi ba. Wani abin takaicin shi ne yawan aljihun kan sa a manta inda aka sa abu, a tsaya ana lalube kifi yana wucewa.

Hanyar da ta fi ita ce a fara da kayan, rigar ta biyo baya. A shimfiɗa abin da lallai za a ɗauka a kan tebur: akwatin ƙwaro ɗaya ko biyu, siririn zaren da ake ɗaura ƙugiya da shi, ɗan abin yanke zare mai kama da na yanke farce, hantsakin cire ƙugiya daga bakin kifi, man da ke hana ƙwaro nutsewa, tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, gorar ruwan sha, da rigar ruwan sama mai naɗuwa. Ga mai koyo, aljihu goma zuwa goma sha biyu sun ishe shi har da saura. Abin da ya fi adadi muhimmanci shi ne manyan aljihun gaba biyu su ɗauki akwatin ƙwaron ba tare da an tura da ƙarfi ba, kuma a samu babban aljihu a baya na rigar ruwa da abinci.

Idan a kanti za a saya, a tafi da akwatunan. A sa rigar a kan irin tufafin da za a shiga ruwa da su, domin wadda ta zauna daidai a kan shat a cikin kanti za ta matse a kan rigar sanyi biyu a Sikotland. A cika ta da kaya, a zuge zif, a ɗaga hannu sama a yi kamar ana jifa, a sunkuya. Idan wuyan rigar yana cizon fata tun a lokacin, a ajiye ta. Masu kyau suna da laushin ƙyalle a wuya da faffaɗar kafaɗa mai raba nauyi. A gwada kowane zif da hannu ɗaya, don a cikin kogi ɗayan hannun ba naka ba ne, na sanda ne. Wanda zai saya ta intanet, ko zai saya wa wani, ya nemi awon ƙirji da inci, kada ya dogara da harafin girma kawai, tunda kowane kamfani da nasa awon.

Tsawo ma abin lura ne. Gajartar rigar ba ƙarancin yadi ba ne, da gangan aka yi ta haka don aljihun ƙasa kada ya jiƙe. Mai shiga ruwa mai zurfi ya nemi wadda ta tsaya a kan haƙarƙari.

Sai zafi, wanda ya fi shafar mu. A arewacin Kamaru, a Kogin Faro da ke zuba cikin Binuwai daf da iyakar Adamawa, baƙi daga ƙasashe masu nisa suna zuwa da rani su kama giwan ruwa da tsage da ƙwaron bogi. Rigar yadi mai kauri da aka yi don sanyin Montana azaba ce a can. Ta raga ce ta dace, wadda iska ke ratsawa kuma take bushewa da wuri. Auduga tana da daɗin sawa amma tana shan ruwa ta yi nauyi. Launi kuwa a nemi ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu, domin a ruwa mai garai-garai kifi yana ganin mai fari ko ja tun daga nesa.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a lura da su sai an rasa: zoben da ke bayan wuya inda ake rataya ragar ɗebo kifi, ɗan soso ko guntun buzu a ƙirji inda ake soke jiƙaƙƙen ƙwaro ya bushe, da aljihun ciki mai zif na waya da takardar izinin su, wadda a Ingila dole ne a mallaka. Aljihun ba ya hana ruwa shiga, don haka wayar a sa ta a jakar leda mai rufewa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne wannan riga ba rigar ceto ba ce. Kamanninta na ruɗar mutane, musamman idan ta kumbura da kaya, amma ba ta ɗaga kowa a ruwa. Wanda santsin dutse ya kwashe a kogi mai gudu, sanye da wandon roba mai kaiwa ƙirji da falmaran cike da kaya, yana cikin hatsari na gaske, balle idan ruwan na ƙanƙara ne. Shi ya sa ake ɗaure wandon da ɗamara a ƙugu don rage ruwan da zai shiga. Mai shiga kwale-kwale ko babban kogi, da duk wanda bai iya iyo ba, ya nemi rigar ceto ta ainihi. A Turai ana rubuta ƙarfinta a jiki: mai lamba 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo, mai lamba 150 kuwa an yi ta ne ta juyar da mutum fuskarsa ta kalli sama ko da ya suma. Irin wadda ke hura kanta a saman komai ake sa ta, ba a ƙarƙashin falmaran ba, in ba haka ba babu inda za ta kumbura. Tana ɗauke da 'yar tukunyar iskar gas, saboda haka a tuntuɓi kamfanin jirgin sama kafin a sa ta a kaya.

Ba kowa ne ma ke bukatar falmaran ɗin ba. Masu fatsa da yawa a yau sun koma ga 'yar jakar ƙirji, ko ta ƙugu, ko mai rataya a kafaɗa ɗaya da ake juyo da ita gaba idan ana neman abu. A wuri mai zafi irin Faro, inda ƙwaron giwan ruwa ke da girman da akwatinsa ba zai shiga aljihun riga ba, jakar ta fi dacewa. Wanda kuma gayyatar yini ɗaya ce ta kai shi kogi, ya fara tambayar mai masaukinsa ko jagoran da aka ɗauka. Galibi jagoran ne ke ɗauke da ƙwaro da zare da raga, baƙo kuwa hula da tabarau da rigar ruwan sama kawai ake so ya zo da su.