Tsohuwar Mota Da Ƙarfinta

Motocin da ke kai mu kasuwa daga Dawce zuwa Matameye, yawancinsu tsofaffi ne. Wata ma ta girmi direbanta. Samari kuma suna son mota mai gudu, irin ta ƴan tsere. To, ina ƙarfin mota yake fitowa?

Mu ɗauki misali da Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a shekarar 1968. Daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna. A 1975 ita ce ta ci babban tseren Safari na ƙasar Kenya, cikin ƙura da taɓo da ramuka. Motoci da yawa sun mutu a hanya, ita kuwa ta kai. A irin wannan tsere, wadda ta jure ita ke ci. Abin da makanikan ƴan tsere ke dubawa, shi ne mai motar haya ya kamata ya duba.

Na farko, iska. Inji yana numfashi kamar mutum. Kafin ya ƙone lita 1 ta mai, sai ya shaƙi iska fiye da lita 9,000. In ƙurar hunturu ta toshe matacin iska, mota ta kan yi nauyi, ta sha mai, ta yi baƙin hayaƙi. A riƙa kakkaɓe shi, in ya tsufa a sake sabo. Wasu suna cire shi wai don mota ta ƙara gudu. Kuskure ne babba. Rairayi zai shiga ya cinye injin.

Na biyu, wuta. Buji, wato filogi, shi ke kunna mai a cikin inji. In guda ya mutu cikin huɗu, ƙarfi ya ragu ke nan. Man kwalba na bakin hanya kuwa, a tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba.

Na uku, baƙin mai da ruwa. A juye baƙin mai bayan kamar kilomita 5,000. A duba ruwan lagireto kowace safiya, tun inji yana da sanyi. Kada a buɗe shi da zafi, tururi yana sale fuska.

Na huɗu, kaya. Ƴan tsere suna cire kujerun baya don mota ta yi sauƙi. Mu kuwa sai mu ɗora buhunan gero da rake har ta durƙusa, sannan mu ce ba ta da ƙarfi.

Na ƙarshe, birki da taya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, in an taka birki, nisan da za ta ci kafin ta tsaya ya ninka na mai gudun 50 har sau huɗu. Ƴan tsere ana rufe masu hanya, suna da hular kwano da ɗamara. Hanyarmu kuwa akwai amalanke, da awaki, da yara ƴan makaranta. Wasan mota a wurin biki ya sa gidaje da dama kuka.

Direba, ka fara gyara birki kafin ka nemi gudu. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi
1. Me ke faruwa in an cire matacin iska?
2. Don me ba a buɗe lagireto da zafi?