Rumbun Kurege Mai Shekara Dubu 30

Ɗan'uwa mai karatu, ka san kurege. Kai ka shuka gujiya, shi ya bi layi ya tone. To, ga labarin wani rumbunsa da ya ba masana mamaki.

A arewacin ƙasar Rasha akwai yankin Sibiriya. Sanyin can ya sa ƙasa ta daskare kamar dutse, ko da bazara ƙarƙashinta ba ya narkewa. A bakin kogin Kolima masu bincike sun iske tsofaffin ramukan kurege, wani zurfin mita 38. Ba kuregen ne ya yi gina har can ba. Ƙasa ce ta yi ta taruwa bisa ramin.

Mi ke ciki? Shimfiɗar ciyawa, da ƴaƴan tsirrai tuli, cimakar da ya aje bai samu ci ba. Da aka auna, sun wuce shekara dubu 30, tun zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya.

A 2012 masanan Rasha suka bayyana cewa sun rayar da wannan tsiro. Amma lura: ƙwayar ba ta tsira da kanta ba. Ɗan naman cikin ƴaƴan suka ɗiba, suka rene shi cikin kwalba. Ya yi ganye, ya yi farar fure, har ya ba da iri.

Nan Dogarawa hakan ba ta yiwuwa. Zafi da gara da damina ba su barin ajiyar kurege. Abin da ƙasarmu ta adana, dutse ne. Duba farar ƙasar da ake haƙa a Malbaza don siminti, kana iya ganin ƙwanson halittun teku manne ciki.