Ugu: Shukar Da Ba A Shanya Irinta

'Yan'uwa manoma na Kambaza da kewaye, duk wanda ya shiga kasuwar Birnin Kebbi ya ga ganyen ugu. Asalinsa daga kudu maso gabashin Nijeriya ne, amma yanzu har matanmu suna sa shi a miya, gama yana da sinadarin da ke taimakon jini. Shuka ce mai yaɗo, tana kama itace ta hau. Idan saiwarta ba ta mutu ba, takan wuce shekara guda ana yanka.

Kafin ƙungiya ta fitar da kuɗinta, sai ta lura da zancen iri. Mun saba shanya gero da wake a rana kafin mu kai rumbu. Wanda ya yi wa ugu haka ya kashe shi. Irinsa kamar goro yake, ga girma, ga ƙin bushewa. Ku sayi ƙwallon ɗungum, kada ku fasa sai ƙasa ta shirya, ku shuka cikin kwana 2 ko 3. Iri busasshe a roba, kome araharsa, mu dai ba mu ba da shawarar a saya ba.

A tayar da kunya mai tudu, gama ba ya son ruwa ya kwanta masa. Tsakiyar fadama ba wurinsa ba ne da damina. A zuba takin gida wanda ya ruɓe sosai. Rami kamar inci 2, tsakanin shuka da shuka taki guda. Yakan tsiro cikin mako 2. A kafa masa rumfa mai tsawon mutum, a riƙa duba ginshiƙan saboda gara.

Akwai mace akwai namiji, ba a kuwa rarrabe su sai sun yi fure. Macen ce mai faffaɗan ganye, ita ke yin ƙwallo, amma kada a tuge mazan duka, in ba haka ba babu irin baɗi. Bayan kamar mako 6 a fara yankan toho da wuƙa mai kaifi, sai kuma bayan kowane mako 2 ko 3.

Wuyar aikin tana bayan damina. Ruwanmu yakan ɗauke wajen Oktoba, hunturu ya ƙona ganye, zafin Maris da Afrilu ya wuce digiri 40. Wannan ba yanayin ƙasarsa ba ne. Don haka muke cewa a shuka shi kusa da rijiya, a kewaye da darni saboda iska da awaki, a rufe gindinsa da ɓuntun shinkafa, a ba shi ruwa safe da yamma. Ƙungiyar da ba ta da mai ban ruwa kullum, gara ta ɗauke shi amfanin damina kawai.

Saiwarsa tana da dafi. In an tuge tsohuwar shuka, a ƙone ta, kada yara ko dabbobi su same ta.