Benen Chrysler: tsinin da aka ɓoye don cin tseren tsawo

A shekarar 1929, masu zanen gine-gine biyu da suka taɓa aiki tare, William Van Alen da Craig Severance, sun shiga tseren gina bene mafi tsawo a duniya a birnin New York na Amurka. Severance yana gina wa wani banki, shi kuwa Van Alen yana gina wa Walter Chrysler, mai kamfanin motoci.

Van Alen ya sa aka harhaɗa dogon tsinin ƙarfe a ɓoye cikin ƙololuwar benen. Ranar 23 ga Oktoba aka ɗaga shi, tsawon ya kai mita 319, ya wuce na abokin hamayya, ya wuce hasumiyar Eiffel ta Paris.

Benen ofisoshin mai hawa 77 an yi shi da salon art deco, wanda ya samo sunansa daga baje kolin Paris na 1925. Adonsa tallar mota ce: siffar tayoyi, murfin lagireto da kawunan gaggafa na ƙarfe mai ƙyalli.

An buɗe shi a 1930. Bayan wata 11, benen Empire State ya ƙwace kambun.