Tsakanin Sama da Ƙasa: Abin da Ke Kai Mutum Bangon Dutse



Yau za mu yi doguwar tafiya zuwa yammacin ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, inda a wani kwari mai suna Yosemite Ubangiji Ya kafa wani dutse da ake kira El Capitan, wanda yake tsaye ƙyam kamar bangon da gwanin magini ya daidaita, tsawonsa kuwa daga gindi zuwa ƙoli ya kai kimanin mita 900. Da asubahin ranar 3 ga watan Yuni na shekarar 2017, wani mutum mai shekara 31 da haihuwa, Alex Honnold, ya zo gindin dutsen nan ba igiya ba ƙugiya, ba shi da guzurin kome face takalmin roba mai matse ƙafa da 'yar jakar garin alli ɗaure a ƙugunsa domin busar da gumin tafin hannu. Ya kama hawa. Bayan awa 3 da minti 56 sai ga shi tsaye a kan ƙoli, ya aikata abin da ba a taɓa jin wani ɗan Adam ya aikata a wannan dutse ba.

Duk mai hankalin da ya ji wannan labari, tambayar da za ta fara zo masa ita ce: me ya yi zafi haka? Ga gida, ga iyali, ga lafiya, mene ne a bisa dutsen da mutum zai sayar da ransa dominsa?

Kafin mu amsa, wajibi ne mu rarrabe al'amura, domin kuwa galibin masu wannan sana'a ba haka suke hawa ba. Bibbiyu suke tafiya, igiya guda ta haɗa su. Ɗaya yana sama yana lalube, yana saƙala igiyar a jikin ƙarafan da ya cusa cikin tsagar dutse. Ɗayan yana ƙasa, kansa a ɗage har wuya ya ƙage, yana sakin igiya taƙi bayan taƙi, idonsa bai ƙifta daga kan abokinsa ba, saboda ya san in ƙafar wancan ta zame, to, bayan ikon Allah, hannunsa ne kaɗai ya rage tsakanin abokin nasa da ƙasa. A nan ne muka gamu da dalili na farko, wato amana, irin wadda ba ta tsaya ga fatar baki ba, tun da rai ne sukutum aka damƙa.

Misalin wannan ya bayyana daga ƙarshen Disamba na 2014 zuwa Janairu na 2015, lokacin da Tommy Caldwell da Kevin Jorgeson suka share kwana 19 a jikin El Capitan, ta wata fuska tasa mafi santsi, suna kwana a cikin 'yan tantunan da suka rataya a bango, iska tana kaɗa su cikin hunturu. Da suka kai wani gurbi mai tsananin wuya, Caldwell, wanda tun 2001 zarto ya raba shi da ɗan yatsansa manuni na hagu, ya haye. Shi kuwa Jorgeson ya yi ta faɗuwa igiya tana tare shi, har kusan mako guda, kaifin dutse ya tsattsage masa fatar yatsu. Ga hanya a buɗe, ga suna yana jiran Caldwell shi kaɗai, amma ya zaɓi ya dakata har ɗan'uwansa ya ƙetare, suka isa ƙoli tare.

Dalili na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne halartar zuciya. Kowa ya san yadda zuciyar ɗan Adam take, ba ta zama wuri ɗaya, tana can wajen bashin jiya ko fargabar gobe, alhali gangar jiki tana zaune a nan. To, amma wanda ya maƙale a bango, nauyinsa duka yana bisa wani ɗan tudu da bai fi kaurin kwabo ba, kan yatsunsa uku suna cikin wata 'yar tsaga, wannan ba shi da jiya, ba shi da gobe. Numfashinsa da dubansa da tunaninsa duk sun taru a kan taki guda mai zuwa. Masu hawa da yawa suna bayyana cewa wannan natsuwa ce suke komawa nema, kuma wanda ya ɗanɗana ta sau ɗaya da wuya ya haƙura da ita.

Na uku shi ne mujahada, wato yaƙin da mutum yake yi da tsoronsa da kasalarsa. Mutanen farko da suka hau doron gaban El Capitan, Warren Harding da abokansa, sai da suka yi aikin fiye da kwana 40 a tsakanin 1957 da 1958. A 1993 wata mace, Lynn Hill, ta bi wannan hanya da ƙarfin hannu da ƙafa kawai, igiya tana biye domin tsaro, abin da maza gwanaye suka gaza a gabaninta. Shi kansa Honnold ya daɗe yana bita da igiya, yana haddace kowane gurbin yatsa kamar yadda almajiri yake tilawar allonsa, yana rubutawa a littafi. Kuma a ƙarshen 2016 ya taɓa fara hawan ba igiya, da ya ji zuciyarsa ba ta kwanta ba sai ya sauko. Ashe abin da mai kallo yake ɗauka ganganci ne, a bayansa akwai shekaru na haƙuri da tanadi.

Duk da haka, jama'a, gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Dutse ba ya sanin gwani. John Bachar, wanda a zamaninsa ba a cika samun kamarsa a hawan da ba igiya ba, faɗowa ya yi ya rasu a shekarar 2009. Malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi, kuma rai ajiya ce a hannun bawa, ba mallakarsa ba ce da zai yi caca da ita. Saboda haka, ko da yake muna jinjina wa ƙwarewar wanda ya hau ba igiya, ba za mu kira kowa ya bi sawunsa ba. Amana da natsuwa da horon zuciya, duk ukun nan ana samun su da igiya a ƙugu da malami a kusa, har ma wasan hawa ya shiga gasar Olamfik a birnin Tokyo a 2021, a kan bangon da aka gina da cikakken tsaro.

Abin da ya kamata mu tafi da shi gida shi ne wancan mutum na ƙasa, mai ɗage da kai, wanda ba a ɗaukar hotonsa, amma ran ɗan'uwansa yana cikin tafin hannunsa bai kuwa yi sakaci ba. Allah Ya ba mu abokan tafiya irinsa, Ya kuma sa mu zama irinsa ga waɗanda suka dogara da mu.